Keke Biyu A Zaure Ɗaya

Kalmar keke a bakin Bahaushe fuska biyu gare ta, amma ba a taɓa ruɗewa wajen gane wadda ake nufi ba. In aka ce wane ya sayi keke, kowa ya san na hawa ne. In kuwa aka ce wance mijinta ya saya mata keke, babu mai tambaya, na ɗinki ne. Haka muka tashi muka tarar. Namiji ya taka feda ya ga gari, mace ta taka feda tana zaune a ɗaka. Ni da maiɗakina mun shekara arba'in cur a kan wannan rabo, kana da tsufanmu muka rushe shi. Abin da ya jawo haka da abin da ya biyo baya shi nake so in bayyana wa masu karatu, domin na tabbata ba gidanmu kaɗai ke da irin matsalar da ta tura mu ba.

Mu mazauna Ƙofar Wambai ne, ta Bauci fa, ba ta Kano mai kasuwa ba. Tana ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar garin da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa cikin 1809, kamar su Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Jahun. Unguwa ce ta cikin gari, inda kowa ya san kakan kowa. Wanda ya fito daga gidansa da asuba, kafin hantsi an san inda ya nufa da launin rigar da ya sa. Mai karatu ya riƙe wannan, don shi ne ƙashin bayan zancen.

Yaran yanzu ba za su gane martabar da keke ya yi a ƙasar nan ba. Sa'ad da muke ƙanana, dokin ƙarfe ake ce masa, kuma lalle doki ne, don malamin makaranta da malamin asibiti da magatakarda ke hawansa. Har lasisi ake yankar masa kowace shekara a ɗaura masa lamba. Sarkin kekunan kuwa shi ne Raleigh, ƙirar birnin Nottingham ta Ingila, mai tambarin kan zalɓe a goshi, wanda daga baya aka kafa ma'aikatar harhaɗa shi a Kano. A kan keken haya na koyi tuƙi, kuma ina tune da ran 2 ga Afrilu, 1972, da aka koma bin hannun dama, yadda manya masu kekuna suka kwana biyu suna karo da juna a mararraba, kowa na rantsuwa shi ne bisa hannunsa.

Kuɗin Udoji ne suka fara karya darajar keke. Da aka biya ma'aikata ariyas cikin 1975, wana, wanda ke koyarwa a lokacin, ya sayi babur Honda, ya kira ni ya danƙa mini Raleigh ɗinsa kyauta. Wannan ita ce kyauta mafi girma da aka taɓa yi mini a ƙuruciya, amma ko a ranar na lura mutane ba keken suke kallo ba, babur ɗin suke kewaye. Shekara ta zagayo aka ƙirƙiro Jihar Bauci cikin Fabrairun 1976, garinmu ya zama babban birni, motocin Peugeot na Kaduna suka cika ofisoshi. Kafin a ankara, keke ya tashi daga alamar ma'aikaci ya koma alamar wanda bai samu ba. Ni dai da shi na fara aikin koyarwa, da shi na yi zirga-zirgar neman aure, a bayansa kuma na goya amarya zuwa awon cikin fari cikin 1984, da sassafe, don kada surukai su gani.

Nata keken ya zo cikin 1985. Na tara albashi na saya mata Butterfly mai feda, ƙirar Sin. Ban san gidan kaina nake yi wa tanadi ba. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, albashin malami ya daina kai wata, wannan keken ɗinki ne ya ɗauki rabin gidan. Daga kansa aka biya kuɗin makaranta, daga kansa aka yi wa 'ya'ya mata uku kayan ɗaki. Duk jajibirin Salla ƙararsa ke raka mu har kiran assalatu. In da za a auna tafiyar da ƙafafunta suka yi a kan wannan feda cikin shekara talatin da wani abu, da ta je Makka ta dawo, alhali kuwa daga bakin gado ba ta gusa ba.

Zaman ne ya kama ta. Ƙarshen 2022 ta fara yawan ƙishirwa da kasala, muka je asibiti aka auna, likita ya ce ciwon sukari ne, ga kuma hawan jini yana leƙowa. Ya rubuta magani, ya yi bayanin abinci, sa'an nan ya ce duk wannan ba zai wadatar ba sai da motsa jiki. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi aƙalla minti 150 a mako, watau kamar rabin sa'a kullum har kwana biyar. Ya ce ta riƙa tafiya a ƙasa. To, tafiya ina? Matar aure mai jikoki a cikin gari ba ta fita sai da dalili, ko biki, ko suna, ko ta'aziyya, ko dubiya. Ta gwada kewaya tsakar gida, wadda duka-duka taki goma sha biyar ce. Ta gwada zuwa gidan ƙanwarta da ƙafa, gwiwa ta kumbura, domin jiki ya yi nauyi. Cikin wata uku maganar motsa jiki ta mutu, sai ƙwayoyi kurum.

Ni kuma nawa dalilin daban ne. Ran 29 ga Mayu, 2023, aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki. Ɗan fansho ba ya jayayya da gidan mai. Na jingine babur, na shiga ɗakin tarkace na jawo tsohon Raleigh, na kai wa mai gyara ya sake masa taya da tif da sarƙa, ya zuba wa boris man giris. Ba ni kaɗai ba, a watannin nan masu gyaran keke sun ga ciniki irin wanda suka manta da shi.

Wata rana da la'asar na dawo na kafe shi a tsakar gida na shiga alwala. Ina fitowa sai na tarar da uwargida ta riƙe kansa tana matsa birki tana saki. Ta ce, "Malam, birkin bayan nan ya yi sanyi, a ɗaure shi." Na ce ina ta san birkin baya? Ta yi dariya ta ce ai ta riga ni iya sakin hannu. Ashe sa'ad da mahaifinta, Allah Ya ji ƙansa, yake aikin jirgin ƙasa, suna zaune a gidajen ma'aikatan reluwe na nan Bauci, maƙwabtansu mutanen Kudu ne, 'ya'yansu mata kuwa duk suna hawan keke. A wurinsu ta koya tana 'yar shekara tara. Da ta fara zama budurwa kakarta ta tsawatar, ta bari, ba ta sake tayar da zancen ba, don babu wanda ya taɓa tambayarta. Na ce ta hau in gani. Ta ce wannan mai sanda a tsakiya ba na mai zane ba ne. Ta sake shi ta koma kan ɗinkinta, amma na ga yadda ta waiwaye shi.

Na koma wurin likita ni kaɗai na tambaye shi. Ya ce keke ma ya fi mata tafiyar ƙasa, domin sirdi ne ke ɗauke da nauyin jiki, gwiwa juyawa kawai take yi. Sai dai ya gargaɗe ni cewa mai shan maganin sukari in ya motsa jiki sukarin na iya faɗuwa ƙasa ainun, saboda haka kada ta fita da yunwa, kuma ta riƙe wani abu mai zaƙi. Daga nan na ƙudura a raina cewa cikar aurenmu shekara arba'in, cikin Disamban 2023, keke zan ba ta, na hawa.

Sayen keke wa macen da ba za ta iya zuwa kasuwa ta gwada ba, aiki ne. Da tef ɗinta na awo na sa ta auna mini tsawon ƙafarta daga ƙugu zuwa diddige, na ce wani lissafi nake yi. Ta auna ba ta ce komai ba, ko da yake tela ba ya rasa sanin abin da ake yi da awo. Na shiga wurin 'yan kekuna da igiyar da na yanka daidai tsawon. Kasuwar ta sake ƙwarai. Sababbin da ke cikin leda yawanci daga Sin da Indiya suke, suna walƙiya, amma in ka ɗaga wani ka ƙwanƙwasa ƙarfen sai ka ji kamar gwangwani. Gefe guda kuma ga na gwanjo, waɗanda aka hau a Japan da Turai aka sauke, fenti ya koɗe amma ƙarfe na nan daram. Na kwana uku ina zagaye. Abin da nake nema a fili yake, mara sanda a tsakiya, mai taya inci 26 maimakon 28 irin na Raleigh, don ƙafarta ta taɓa ƙasa in ta tsaya, mai murfin sarƙa rufaffe don kada ya ci bakin riga, mai faffaɗan sirdi, mai kwando a gaba.

Wanda zai sayi na gwanjo ya ɗaga kowace taya ya juya ta, ya sa ido ya ga ko tana lilo, ya sa kunne ya ji ko boris na ƙara. Ya latsa sifok ɗaya-ɗaya. Ya duba mahaɗar ƙarfe, musamman ƙarƙashin feda, inda tsatsa ke ɓuya, in ya ga sabon fenti a wuri guda kaɗai to walda aka rufe. Da haka na tsallake guda biyu da aka yi ta yaba mini. A rana ta uku na samu wani shuɗi ɗan Japan, mai giya uku a cikin cibiyar tayar baya, da fitila mai cin wuta daga taya. Na ɗora igiyata daga sirdi zuwa feda, ta zauna daidai. Yaron shagon ya ce, "Baba, jika za a yi wa kyauta?" Na ce ta kakar jikan ce. Ya yi dariya har da riƙe ciki, da ya ga ban yi ba sai ya haɗiye sauran. Na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya ce albarka, na juya zan tafi ya kira ni ya sallama. Fanshona na wata guda ne ya tafi har da ɗoriya. Bayan isha'i na turo shi gida ta lungu.

Ba ta yi guɗa ba, ba ta yi dogon godiya ba. Ta kewaya shi sau biyu, ta buga ƙararrawa, ta ce, "Allah Ya saka da alheri, Malam." Washegari na ji keken ɗinki na ƙara tun da safe. Kafin azahar ta ɗinka wa kanta wando mai faɗi mai roba a idon sawu, da riga mai tsaga da ke sauka bisa kansa, da hijabi mai tsayawa a gwiwa, wanda ta sa wa ɗan nauyi a gefe don kada iska ta ɗaga shi. Ranar Asabar, bayan sallar asuba, muka tura kekunan zuwa filin wata makarantar firamare. Shekara arba'in da biyar rabonta da sirdi. Ta yi tangal-tangal sau biyu, a na uku ta miƙe, ta bar ni tsaye ina riƙe da iska.

Mako uku muka samu kafin magana ta fasu. Yayata ce ta fara zuwa, ta zauna ta ƙi shan ruwa, ta ce, "Kai da furfurarka za ka mai da matarka abin nuni? Ka manta kana da 'ya'ya a gidajen mutane?" Wannan ta biyun ita ce ta taɓa ni, don gaskiya ce, abin da uwa ta yi a kan 'yarta ake fanshewa, kuma an fanshe, an yi wa ta tsakiyar habaici a gidan suna har ta zo tana kuka. Babban ɗanmu ya bugo waya daga Abuja ya ce, "Baba, don Allah a rufa mana asiri. Zan aiko wa Umma da keken motsa jiki irin na cikin ɗaki, ta riƙa takawa ba wanda ya gani." Niyyarsa kyakkyawa ce. Uwar ba ta kama sunansa, ɗan fari ne, saboda haka ni ta ba saƙo. Ta ce, "Ka gaya wa yaron nan na gode. Keken da ba ya zuwa ko'ina ina da guda, shi ya kai ni asibiti."

Ban raina masu ƙorafin ba, don kunya ba abin yarwa ba ce, ita ta riƙe unguwanninmu. Amma na auna maganar ta kowace fuska ban ga inda ta tsaya ba. Matanmu sun shekara da shekaru suna hawa bayan ɗan acaɓan da ba su san ko sunansa ba, ba wanda ya ɗaga gira. Yau mace ta hau abin hawanta ita kaɗai, a suturce, mijinta na gefe, shi ne abin kunya? Na kai tambayar gaban wani malami da nake ɗaukar karatu wurinsa. Ya ce shi bai san nassin da ya hana ba muddin an kiyaye sutura, ya tuna mini cewa matan farko sun hau raƙuma, kuma an ruwaito Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Ya ƙara da cewa al'ada ma tana da haƙƙi, in bi a hankali. Wanda ya taɓa zuwa Wagadugu ta Burkina Faso ya ga mata, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, bisa kekuna da goyo da kayan kasuwa, ba mai waiwayarsu. Abin da ke hana namu sabo ne, sabo kuwa mutane ne suka yi shi.

Mun bi a hankali ɗin. Ba ma hawa a cikin unguwa, turawa muke yi har mu fita bakin titi. Ba ma fita sai da duku-duku, mu dawo kafin 'yan makaranta su cika hanya. Kwana huɗu a mako muke yi, yawanci mu bi hanyar Gombe wajen Inkil mu juyo. Abin tsoron gaske ba bakin mutane ba ne, manyan motoci ne, domin titunanmu ba a ware wa mai keke ko taki ɗaya ba. Masu dogon tunani za su tuna Cif Ojo Maduekwe, ministan sufuri da ya yi ta kiran jama'a su koma hawan keke, wanda cikin 2001 mota ta ture shi cikin kwalbati a Abuja yana kan hanyar zuwa aiki. In minista bai tsira ba, ina ga tsoho da tsohuwa? Shi ya sa da mun ji ƙugin tirela muke sauka gefe mu tsaya. Cikin hunturu ga sanyin Bauci ga hazo, sai mun ɗaura ƙyalle a hanci mun kunna fitila. A kwandonta kullum akwai gorar ruwa da dabino bakwai a ƙulle, sau ɗaya tak muka bukace su, ranar da ta ji jiri muka zauna gindin wata ɗorawa har ya wuce.

Lafiya ta samu gwargwado. Ba ta warke ba, ciwon sukari ba a warkewa, tana nan tana shan magani, amma awon ya sauko har likita ya rage mata ƙwaya ɗaya, gwiwa kuma ta daina kumburi. Sai dai akwai wata riba da likita bai rubuta ba. Bahaushe da matarsa ba sa tafiya tare. In ma tafiyar ta kama, yana gaba tana baya da tazarar da za a ce ba tare suke ba. A gida kuwa ga 'ya'ya, ga jikoki, ga masu kawo ɗinki, magana ba ta wuce cefane da kuɗin wuta. A bisa hanya, inda ba kowa sai manoma da masu kai nono gari, na ji labaran da ban taɓa ji ba, na gidajen reluwe, da ƙawarta da suka rabu ba sallama, da yadda ta so ta yi karatun ungozoma aka ce aure ya fi. Ni ma na faɗi nawa. Wani lokaci kuma ba ma cewa komai, sai ƙarar sarƙa.

Zancen wa ke gaba kuwa, hanya ce ta yanke shi. A shimfiɗaɗɗen wuri muna jerawa in babu mota. Da an zo hawa sai ta sauya giya ta wuce, ƙafafun da suka shekara talatin suna taka Butterfly ba sa gajiya da wuri, ni kuwa ina baya ina nishi bisa Raleigh mai nauyin jaki, wanda giyarsa ɗaya ce tun ran da aka ƙera shi. Ta jure jirana a kan tudu wata shida. Ana jibi Babbar Salla ta 2024 na dawo daga masallaci na tarar da baƙon keke a zaure, baƙi, mai giya shida. Kwasar adashinta ce ta ba ƙaninta ya sayo, da igiyar awo irin tawa, wadda ta yanka daga tsawon wandona. Ta ce, "Ba don kai na saya ba, Malam, don ni ce, na gaji da tsayuwa." Raleigh na wanke shi na shafa masa mai na rataye. Wana da ya ba ni shi ya rasu, ba zan sayar ba.

Cikin Agustan 2024 jikarmu ta nuna mata a waya wata 'yar Nijeriya, Ese Ukpeseraye, wadda ta yi tseren keke a wasannin Olamfik na birnin Paris, har ta hau keken da 'yan wasan Jamus suka ara mata. Uwargida ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta ce ita dai ta fi yarinyar nan sa'a, nata na kanta ne.

Har yau yayata ba ta sauko ba, in ta zo gidan ta kan kau da kai daga zaure. Babban ɗanmu ya daina magana, da ya zo hutu kuma ya kawo huluna biyu na kwano bai ce komai ba, tata tana zama bisa hijabi daidai. Mata biyu na unguwa, ɗaya mai takaba ce da ta fita, sun zo da dare a ɓoye suna tambaya ko za a koya musu, an fara da guda, ɗayar mijinta bai amince ba tukuna. Yanzu rigimar da ke tsakanina da ita ta madatsar ruwa ta Gubi ce. Ta ce shekara da shekaru tana shan ruwanta a famfo ba ta taɓa ganinta da ido ba, kuma a kan keke take so ta je. Na ce da nisa, ga hawa, ga motoci. Ta ce a tafi da dabino goma sha huɗu. Mun tsai da magana sai bayan damina, in hanya ta bushe, in kuma likita ya yarda.